Gajeren Labari a kan Gadon Feɗewa: Sharhi a kan Nazarinsa da Rubuta Insha'i a Makarantun Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar adabin Hausa, ko a makarantar sakandare ko a ajin farko na jami'a, ya san irin amsar da akan samu idan aka ce wa ɗalibi ya yi sharhi a kan wani gajeren labari. Zai ja layi ya rubuta "Jigo", ya ce jigon labarin shi ne faɗakarwa. Ya sake jan layi ya rubuta "Salo", ya ce marubucin ya yi amfani da salo mai armashi da karin magana. Daga nan sai ya jera sunayen taurari, sauran takardar kuwa ya cika ta da maimaita labarin tun daga farko har ƙarshe. Irin wannan amsa za ta hau kan kowane labari aka ɗora ta, watau ke nan ba ta faɗi kome a kan labarin da aka yi tambaya a kansa ba.

Aikin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa ya kai ni makarantu da dama a ƙasashen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. A wata makaranta da ke kusa da Ɗansoshiya na zauna a bayan aji ana darasin Magana Jari Ce, na kuma karanta abin da 'yan ajin suka rubuta, na tarar duk irin wadda na siffanta ce. Da aka tashi tara, sai na ji ɗaya daga cikinsu a gindin bishiya yana ba abokansa labarin wani makiyayi da shanunsa suka yi ɓarna a gonar surukinsa. Yaron ya san inda zai fara, ya san abin da zai ɓoye sai can gaba, ya san inda zai yi shiru a ƙagu, ya kuma tsaya daidai inda dariya ta ɓarke. Ashe ya san ƙirar labari a bakinsa, alƙalaminsa ne bai sani ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba inda wannan giɓi ya samo asali, ta gwada yadda za a nazarci sassan gajeren labari ta hanyar da za ta haifar da insha'i mai ma'ana, sa'an nan ta kawo shawara ga malamai.

2.0 Matsayin Gajeren Labari a Adabin Hausa

Bahaushe ya daɗe da gajeren zance mai ƙulli da warwara. Yana da tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa da labarun barkwanci. Tun kafin boko ya kafu Turawa suka fara tattara waɗannan: J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray kuma ya buga nasa a 1913. Amma waɗannan duk adabin baka ne da aka mayar a takarda. Ƙagaggen labari na boko ya samu gindin zama ne bayan gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Hukumar Talifi ta Zariya a 1933, wadda a bayanta aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina ya zauna a Zariya wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, da labarai kimanin tamanin a ciki. Har yau shi ne littafin da mafi yawan ɗalibai suke fara haɗuwa da gajeren labari rubutacce a cikinsa.

A wannan zamani kuwa, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta sake ɗaga darajar wannan fanni. A'isha Muhammad Sabitu ce ta fara cin gasar da labarinta Sansanin 'Yan Gudun Hijira, a 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya, abin da ya nuna fannin bai tsaya a iyakar Nijeriya ba.

Abin lura a nan shi ne, gajeren labari ba dogon labari ne da aka datse ba. Dogon labari yana da filin da zai bi mutum tun daga haihuwarsa har tsufansa. Gajere kuwa yakan kama aukuwa guda ne, da mutane kaɗan, a wuri ɗaya ko biyu, ya matse su har su ba da abin da ake nema. Marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, ya yi wannan bayani tun 1842, inda ya nuna cewa labarin da ake karantawa a zama ɗaya dole kowace jimla tasa ta yi wa manufa guda hidima. Gwaggo mai tatsuniya a tsakar gida ba ta karanta Poe ba, amma a kan wannan ƙa'ida take tafiya, don ta san in ta yi ratse yara za su yi barci.

3.0 Inda Matsalar Ta Samo Asali

Kanun da ɗalibai suke jerawa ba daga sama suka faɗo ba. Masana sun yi wahala kafin su samar wa Hausa kalmomin nazari irin su jigo da warwarar jigo da zubi da tsari da salo da sarrafa harshe. Aikin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, yana cikin waɗanda suka daidaita wannan hanya ga rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima, Farfesa Isa Mukhtar kuma ya rubuta Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai domin zube. Ba don waɗannan ayyuka ba da har yanzu da aron kalmomin wani harshe muke feɗe namu adabin.

Sai dai kuma abin da masani ya shimfiɗa a matsayin tambayoyin da manazarci zai yi wa matani, kafin ya iso ajin sakandare ya rikiɗe ya zama jerin amsoshi da ake haddacewa. Malami yakan rubuta kanun a allo, ɗalibai su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Mahauci idan zai feɗe dabba yakan lalubi gaɓa ya sa wuƙa, don ya san yadda wannan ƙashi ya haɗu da wancan. Abin da muke koya wa yara shi ne sunayen gunduwa-gunduwar naman, ba mu nuna musu gaɓoɓin ba. Don haka ɗalibi yakan ɗauka jigo wani abu ne daban, tauraro daban, zubi daban, alhali kuwa a cikin labarin da ya ƙeru ba a taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba.

4.0 Gwaji a kan Labarin Kalala da Kalalatu

Bari mu gwada da labari guda daga Magana Jari Ce, wanda kusan kowane mai karatu ya sani. Ƙashin bayansa shi ne: an gyara kaji biyu domin baƙo, matar gida Kalalatu ta cinye su, sa'an nan ta nemi mafita. Ta tsorata baƙon da cewa wuƙar da mijinta yake wasawa dominsa ake wasa ta, baƙo ya zura da gudu. Ta juya ta ce wa mijin baƙo ya sure kajin. Kalala ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko da guda ɗaya, baƙo kuwa da ya ji haka sai ya ƙara mai.

4.1 Zubi da Tsari

Ɗalibi yakan ce zubin labarin miƙaƙƙe ne, ya wuce. Tambayar da ta kamata ita ce, me ya riƙe labarin har bai rushe ba? Amsa ita ce ƙarya biyu da aka yi wa mutum biyu waɗanda ba a bari sun tsaya sun yi magana da juna ba. Da baƙo ya tsaya ya tambayi Kalala dalilin wasa wuƙa, da labarin ya mutu nan take. Saboda haka kowane mataki na labarin an tsara shi ne don ya raba mutanen nan biyu, gudun da aka yi a ƙarshe kuwa shi ne ƙololuwar wannan rabuwa. Ɗalibin da ya gano haka ya fahimci ma'anar zubi fiye da wanda ya haddace rabe-rabensa.

4.2 Salo

Salon wannan labari ba a yawan karin magana yake ba. Yana cikin abu guda mai fuska biyu. Wuƙa a wurin Kalala ta yankan nama ce, a wurin baƙo ta halaka ce. Roƙon guda ɗaya a bakin Kalala kaza yake nufi, a kunnen baƙo kuwa wani sashe na jikinsa. Mai karatu shi kaɗai, tare da Kalalatu, yake riƙe da fuskokin biyu, wannan fifikon sani da aka ba shi a kan taurari shi ne mafarin dariyarsa. Ga dabarar da yaron nan na gindin bishiya yake amfani da ita ba tare da ya san sunanta ba.

4.3 Taurari da Jigo

Manazarta, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi a binciken da ya yi a kan tushen labarun Imam, sun nuna cewa da yawa daga cikinsu an ɗauko su ne daga adabin Larabawa da Farisa da Indiya da Turai, aka yi musu rigar Hausa. Wannan labari yana da takwara a cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, watau Grimm, suka tattara a farkon ƙarni na 19. A can, mai dafa abinci ce da ubangidanta. Imam ya mayar da su mata da miji. Wannan canji ba ƙarami ba ne, domin ya shigar da labarin cikin gidan Bahaushe, inda karrama baƙo yake da babban matsayi, inda kuma wadda ta sha hayaƙin murhu ba lalle ne ita ke fara cin abin da ta dafa ba. Da zarar an ga haka, cewa jigon labarin kwaɗayi ne kawai ya zama gajeren tunani. Ana iya kafa hujja cewa labarin yana taɓa zaman miji da mata da rabon abinci a gida, ana kuma iya musa wannan da wata hujjar. Inda aka sami abin da za a kafa wa hujja a kuma musa, nan insha'i yake samun abin faɗa.

4.4 Mai Ba da Labari

Akwai sashen da ɗalibai sukan tsallake ɗungum, shi ne wane ne yake ba da labarin, wa yake ba, kuma don me. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce aku ne yake ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai domin ya shagaltar da shi kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Watau kowane labari a can yana da aiki biyu: yana nishaɗantar da mai karatu, yana kuma cinye daren da Musa zai fita. A littafi na biyu gasa ce tsakanin aku biyu, a na uku kuwa aku ne yake koyar da ɗansa Fasih. Manufar mai ba da labari tana canzawa daga littafi zuwa littafi, wanda duk ya cire labari daga wannan mazubi ya nazarce shi shi kaɗai ya bar rabin ma'anarsa a baya.

5.0 Wuri da Lokaci

Idan aka ce wa waɗannan ɗalibai su ƙaga nasu labarin, sau da yawa sukan kai shi Abuja ko Dubai, su cika shi da manyan motoci da benaye irin na finafinai da littattafan soyayya. Ba laifi ba ne yaro ya yi mafarki, amma wurin da bai sani ba ba zai iya sa shi ya yi aiki a cikin labari ba, sai dai ya zama ado. Alhali kuwa ƙasar da suke zaune a kanta cike take da abin rubutawa. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, ruwanta ya shafe gonaki da matsugunai aka tashi mutane. Garin Bebeji kansa tsohuwar matattarar fatake ce masu zuwa Gwanja sayen goro, a nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877. A Doguwa akwai Riruwai da tarihin haƙar kuza, ga dajin Falgore da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. A Kiru akwai Kwanar Ɗangora a kan hanyar Zariya, ga dajin Ɗansoshiya inda manomi da makiyayi suke gogayya a kan burtali da mashaya.

Alal misali, a ɗauki tsohon da jikansa masunci ya ɗauko a kwalekwale za su haye ruwan Tiga. Suna tsakiyar ruwa sai tsohon ya ce a dakata, ya nuna wani wuri ya ce nan ne ƙofar gidansu take, can kuma kabarin mahaifiyarsa. Jikan, wanda wannan ruwa ne abincinsa, yana duban rana yana tunanin komarsa. Mutum biyu, wuri ɗaya, sa'a guda. Ba a bukatar marubuci ya fito ya yi wa'azi a kan ci gaba da asara, domin ruwan da ya ci gidan kaka shi yake ciyar da jika. A nan wuri ya zama shi ne ƙullin labarin, in aka ɗauke shi aka kai Abuja babu abin da zai rage. Ɗalibin da ya taɓa ƙaga irin wannan, ko da shafi ɗaya ne, in ya koma kan labarin wani zai san abin da zai nema.

6.0 Daga Nazari zuwa Insha'i

A makarantunmu akan raba darasin insha'i da na adabi, kamar ba su san juna ba. A darasin insha'i ana koyar da na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da rubutun wasiƙa. A darasin adabi ana koyar da kanun nazari. Ba a cika gaya wa ɗalibi cewa sharhin adabi insha'in muhawara ne ba, watau yana da da'awa da hujja da bayanin yadda hujjar ta tabbatar da da'awar.

A duba waɗannan mabuɗai biyu. Na farko: "Wannan labari yana da daɗi ƙwarai kuma yana koyar da darussa masu yawa ga al'umma." Na biyu: "Kalalatu ta tsira da dabararta ne saboda mijinta da baƙonsa kowa ya gaskata ta bai tambayi ɗan'uwansa ba." Jimlar farko ba wanda zai musa ta, don haka babu abin da zai biyo bayanta sai maimaici. Ta biyu kuwa ta ɗora wa marubucinta bashi: dole ya nuna inda baƙo ya gaskata, da inda Kalala ya gaskata, da abin da ya hana su tambayar juna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sakin layi ne guda, kafin ya ankara insha'insa ya tsaru. Kalmomin jigo da salo da zubi za su shigo a inda ake bukatarsu, a matsayin kayan aiki.

Daga nan sai maganar ɗinki. Hausa tana da wadatar kalmomin da ke nuna alaƙar tunani da tunani, irin su domin, saboda haka, sai dai, duk da haka, watau, ashe, balle. Ɗalibi da yawa ba ya amfani da kome sai "kuma" da "sannan", waɗanda jerawa kawai suke yi, ba sa nuna dalili ko saɓani. Wanda aka tilasta masa ya sa "domin" a bayan da'awarsa, an tilasta masa yin tunani ke nan. Haka kuma ƙa'idojin rubutu ba abin rainawa ba ne. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita su, amma har yanzu ana samun mai rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko ya haɗe "ya na" da "yana" bai san bambancin muhallinsu ba. Hujjar da aka rubuta da gurɓataccen rubutu takan rasa rabin ƙarfinta kafin ta isa ga mai karatu.

7.0 Uzurin Malamai

Adalci ne a saurari malaman da ke cikin aji. Sukan ce masu shirya jarrabawar ƙarshe kanun nan suke tambaya, wanda bai jera su ba zai rasa maki. Sukan ce aji ya cika maƙil, littafi ɗaya yara da yawa suke leƙawa, wani lokaci ma wanda aka ba darasin Hausa ba ita ya karanta ba, an dai ga Bahaushe ne aka miƙa masa alli. Duk wannan gaskiya ne, na kuwa gani da idona. Amma ɗalibin da ya fahimci yadda labari yake aiki ba zai kasa amsa tambaya a kan jigo ba, wanda ya haddace kanu kuwa yakan rikice da zarar an juya tambayar. Game da ƙarancin littattafai, gajeren labari shi ne nau'in da ya fi dacewa da talaucinmu, domin malami zai iya karanta shi da baki cikin minti goma, ya rage sauran lokacin darasi don tattaunawa. Mu ma malaman jami'a da na kwalejojin ilmi muna da namu kason na laifi, tun da mu muka yaye waɗannan malamai, kuma yadda muka tambaye su a jarrabawa haka suke tambayar yaransu.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa sassan gajeren labari ba su da amfani ga ɗalibi sai ya ga yadda suke riƙe da juna, kuma ganin haka shi ne yake ba shi abin da zai rubuta a insha'i. Shawarar da za a iya bayarwa ita ce, malami ya fara da bakin yara kafin allo: a sa ɗaya ya ba da labarin da ya ji a gida, a tambayi sauran me zai faru in aka cire wani mutum ko aka canza wurin. Bayan sun gano amsar da kansu sai a ba abin sunansa na nazari. Sa'an nan kowane zango ɗalibi ya ƙaga labari guda da bai wuce shafi biyu ba a kan garinsu, ya kuma rubuta sharhi guda da ya fara da jimlar da za a iya musawa. Ga ɗalibanmu masu neman manyan digirori kuwa, akwai fili a buɗe: labarun tashin ƙauyukan Tiga da na fataken Bebeji da na mahaƙan Riruwai suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa ba jiranmu za su yi ba. Wannan ɗan tsokaci ne kawai, da fatan malaman da suka fi ni daɗewa a cikin aji za su gyara inda na kauce, su kuma ɗora daga inda na tsaya.